Kafin Ka Rubuta "Wataƙila Akwai Gyaɗa a Ciki": Jagorar Auna Haɗarin Aleji a Masana'antar Abinci

Ɗauki ledar biskit ko ta cakulan ka juya bayanta. Can ƙasan jerin kayan haɗi, da ƙananan baƙaƙe, sau da yawa za ka tarar da layi guda: wataƙila akwai gyaɗa, madara, ƙwai, riɗi, waken suya. Yawancin masu saye ko kallonsa ba sa yi. Uwar da ɗanta ke kumbura in ya ci gyaɗa kuwa, wannan layin ne zai sa ta saya ko ta mayar inda ta ɗauko. Abin takaicin shi ne ba ta da hanyar gane ko lissafi aka yi kafin a rubuta shi, ko kuwa wani ne a ofis ya ce a saka dai, kar wata rana a maka mu a kotu.

Wannan jagora ta wanda alhakin wannan hukunci ke wuyansa ce a masana'anta. Zan riƙa kiran layin nan "gargaɗin wataƙila". Yana cikin matakan ƙarshe na aikin, kuma wanda ya fara da shi ya tsallake duk abin da ke ba shi ma'ana.

Aleji na abinci yana tasowa ne idan garkuwar jikin mutum ta ɗauki wani furotin na cikin abinci a matsayin abokin gaba. A wurin wani abin ya tsaya ga borin jini da ƙaiƙayi. Wani leɓɓansa su kumbura ya yi ta amai. Wani kuwa maƙogwaro ya toshe, jini ya sauka, cikin 'yan mintoci a shiga neman allurar adiranalin. Wannan na ƙarshen shi likitoci ke kira anafilaksis, kuma yana kisa. Abin da mai masana'anta zai riƙe a nan shi ne furotin yake fama da shi, kuma furotin ba ƙwayar cuta ba ne. Gashi ko dafuwa ba sa kawar da haɗarinsa, maganin kashe ƙwayoyin cuta ma haka. Sai dai a cire shi daga wurin. Kar kuma a haɗa shi da rashin jure laktos, wato sukarin madara: madarar da aka cire wa laktos furotin ɗinta na nan daram, mai alejin madara bai tsira ba.

Mataki na 1: jerin ƙasar da za a ci kayan

Kowace kasuwa da jerin abubuwan da doka ta tilasta a bayyana, kuma jerin inda za a sayar ne ke aiki a kanka. Tarayyar Turai, a dokarta mai lamba 1169/2011 da ta fara aiki a Disambar 2014, ta lissafa 14: alkama da sauran hatsi masu furotin ɗin da ake kira gulutin, jatan lande da danginsa, ƙwai, kifi, gyaɗa, waken suya, madara, 'ya'yan itatuwa masu ɓawo irin su kashu da almon, seleri, mustad, riɗi, lufin (wani dangin wake), dangin katantanwa na ruwa da na tudu, sai salfait, sinadarin hana abinci lalacewa, idan ya haura miligiram 10 a kilo. Amurka ta fara da 8 a dokar 2004, riɗi ya zama na 9 daga 1 ga Janairun 2023. Kanada ta saka mustad, Amurka ba ta saka ba.

Har a kan abin da aka yafe akwai bambanci. Amurka ta yafe man da aka tace sosai, ko na gyaɗa ne. Turai ta yafe tataccen man waken suya, amma na gyaɗa sai an bayyana. Idan kaya ɗaya ke zuwa ƙasashe uku, haɗa jerin ukun ka yi aiki da mafi faɗi a cikin masana'anta, lebul ɗin kowace ƙasa kuma ya bi dokarta.

Mataki na 2: duk abin da ke shigowa ta ƙofa

Zana jadawali. A gefe ɗaya kowane kayan haɗi da ke cikin sito, a sama kuma abubuwan aleji. A kowane gurbi amsa uku ce kawai: yana ciki da gangan, yana iya shiga bisa kuskure, ko babu.

Manyan buhuna ba su cika ba da wahala ba, kowa ya san garin madara madara ne. Ƙananan ne ke yaudara. Kasin da ruwan cuku daga madara suke. Lesitin yawanci daga waken suya yake, wani lokaci daga ƙwai. Tahina niƙaƙƙen riɗi ce. Sinadarin ɗanɗano ko na launi yana iya zuwa a goye a kan garin alkama ko na madara. Sai kuma abubuwan da ba sa shiga takardar haɗi sam: man da ake fesa wa faranti don kar ƙullu ya kama, garin da ake barbaɗa wa bel, samfurin da sashen gwaje-gwaje ya shigo da shi ya ajiye a firiji ɗaya da kayan aiki.

Takardar tambaya ga mai kawo kaya ta wuce "akwai ko babu". Tambaye shi me kuma yake sarrafawa a layin da ya yi maka naka, yadda yake tsabtace shi a tsakani, kuma idan ya rubuta maka nasa gargaɗin wataƙila, miligiram nawa na furotin yake nufi a kilo, kuma gari ne ko gutsattsari. Wanda ya ce "ɗan kaɗan ne" bai ba ka abin da za ka yi lissafi da shi ba. Ga manyan masu kawo maka kaya, je ka gani da idonka, gani ya kori ji.

Haɗarin yakan faro tun daga gona. Mota ɗaya da rumbu ɗaya ke ɗaukar alkama yau, waken suya gobe. Kayan ƙamshi sun fi kowa tarihi a nan, don suna bi ta hannaye da yawa kafin su iso a niƙe. A ƙarshen 2014 zuwa 2015 an janye ɗimbin kayan abinci a Amurka saboda an sami gyaɗa a garin kumin. A 2024 Birtaniya ta yi fama da irin wannan, gyaɗa a cikin garin mustad, kuma ya shafi kamfanonin da ko ƙwayar gyaɗa ba su taɓa saya ba.

Mataki na 3: bi sawun ɓurɓushi da ƙafarka

Wannan ba aikin kan tebur ba ne. Ɗauki taswirar masana'anta, ka bi kayan aleji ɗaya tun daga inda aka sauke shi har inda ya fita a kwali, kuma ka yi haka lokacin da aiki ke gudana, har da aikin dare.

Tsaya a ɗakin awo na minti goma ka kalla. Ma'aikaci ya farke buhun garin madara, ƙura ta tashi ta sauka a kan buɗaɗɗen buhun sukari da ke gefe. Ya ɗibi garin da ludayi, ya karkaɗe shi a gefen bokiti sau biyu, ya tsoma shi cikin garin koko. Ya goge hannu a gaban rigarsa ya wuce layi na biyu don abokinsa ya fita cin abinci. Cikin minti uku madara ta bi hanya uku, kuma babu ko ɗaya a takardar tsarin aiki. Shi ma ba mugunta ya yi ba, ludayi ɗaya aka ba shi.

Daga nan duba cikin injin. Inda kaya ke maƙalewa shi kake nema: ƙarƙashin fikafikan injin kwaɓi, kusurwar bututu, bakin famfo, rariya, guga-gugan da ke ɗaga gari sama, jakar tace ƙura, bel mai saƙa. Duba sama ma, ko wani bel mai ɗauke da kayan gyaɗa ya ratsa ta kan wanda ba shi da ita. Tambayi makanikai, su ne suka san inda ake tarar da tsohon ƙullu idan an kwance inji. Man suya da ake soya kaya iri biyu a ciki, da ruwan da ake sake zagayowa da shi, duk a rubuta.

Sai ragowar da ake mayarwa cikin sabon kwaɓi: karyayyen biskit, gefen da aka yanke, farkon zubin da bai yi kyau ba. Ta nan ake yawan shigar da aleji da hannu ba a sani ba. Ƙa'idarsa ɗaya ce, iri ya koma cikin irinsa, a mazubi mai murfi da suna da kwanan wata. Wanda ba a san asalinsa ba a zubar.

Mataki na 4: toshe abin da zai toshu

Kundin da Codex, hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, ta fitar a 2020 kan sarrafa aleji a sana'ar abinci, mai lamba CXC 80-2020, a kan wannan ya fi tsayawa, kuma Turai ta shigar da irin wannan wajibci cikin dokar tsabtarta a 2021. Mafi ƙarfin mataki shi ne cire abin daga haɗin gaba ɗaya, ko keɓe masa layinsa. In hakan bai yiwu ba, a tsara jerin aiki: a fara da kayan da ba su da aleji bayan babban wanki, a bi da masu ɗaya, masu yawa su zo ƙarshe. A sito, kayan aleji su zauna a ƙasa don in buhu ya fashe kar ya zubo wa na ƙasansa. Ludayi, bokiti, buroshi da rigar aiki, kowane rukuni da launinsa. Idan za a iya zuba gyaɗar a ƙarshen layi maimakon farkonsa, an rage injinan da za ta taɓa.

Wanki da ruwa da sabulu da gurza shi ya fi cire furotin. Amma akwai layukan da ruwa ba ya shiga, irin na cakulan da na gari, don danshi zai ɓata kaya ya kuma ba ƙwayar cutar Salmonella wurin zama. A nan sai kankara, buroshi, injin zuƙar ƙura mai matata, da kuma tura wani abu ta cikin bututun ya kwashe ragowar, kamar sukari, gishiri ko shi kansa sabon kayan, a zubar da na farkon. Shi ya sa baƙin cakulan da aka yi a layin cakulan mai madara ya yi ƙaurin suna wajen ɗauke da madarar da ba a rubuta ba. Iskar kwamfureso kuwa a hana ta. Tana sa inji ya yi fes a ido, alhali ta kwashe garin ne ta raba wa ɗakin duka.

Hanyar wankin sai an gwada ta an ga tana aiki. Zaɓi yanayi mafi tsanani, wato kayan da ya fi yawan furotin ɗin kuma ya fi kama ƙarfe. Yi shi, wanke yadda aka rubuta, ɗauki samfuri daga wuraren da suka fi wuyar kaiwa da kuma farkon kayan da ya biyo baya. An saba maimaitawa sau uku a jere, kuma ya fi kyau a yi da ma'aikata daban-daban, ba gwanin wanki kaɗai ba. Bayan nan dubawar kullum ta fi sauƙi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: injin da ake ganin ragowa a jikinsa ya faɗi, ba sai an ɓata kayan gwaji ba. Wanda ya yi tsaf a ido shi ne ake gogawa a gwada.

Mataki na 5: lissafin

Bayan duk wannan, wani abu zai rage da ba ka iya kawarwa. Tambayar yanzu ita ce nawa ne, kuma ya kai ya cutar?

Shekaru da yawa ba a da amsa, shi ya sa kowa ya riƙa rubuta gargaɗi yadda ya ga dama. Abin da ya sauya lamarin shi ne bayanan gwajin asibiti, inda ake ba masu aleji abin da ba sa jituwa da shi kaɗan-kaɗan a gaban likita har a ga inda jiki ya fara amsawa. Da aka tara na dubban mutane, sai aka iya cewa a miligiram kaza, kashi kaza cikin ɗari ne za su nuna alama. Tsarin VITAL, wanda masana'antun Ostareliya da Niyu Zilan suka fito da shi a 2007, shi ya fara mayar da wannan kayan aiki. Bugunsa na 2019 ya ɗauki adadin da zai taɓa mutum 1 cikin 100 na masu alejin, wanda ga gyaɗa miligiram 0.2 ne na furotin. Daga baya ƙwararrun da FAO da WHO, hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, suka tara tun daga 2020 suka ba da shawarar a gina ma'aunin a kan adadin da zai taɓa 5 cikin 100, bisa hujjar cewa alamun da ake gani a wannan mataki galibinsu masu sauƙi ne, kuma ma'aunin da ya yi ƙasa ainun yana sa gargaɗi ya cika ko'ina, ga wuyar aunawa. VITAL ma ya koma kan wannan a 2024.

Ga adadin da ƙwararrun FAO da WHO suka bayar, a miligiram na furotin a ci ɗaya:

- almon, kashu, fistashiyo, walnat da fikan: 1
- gyaɗa, madara, ƙwai da riɗi: 2
- hazelnat: 3
- alkama da kifi: 5
- jatan lande da danginsa: 200

Wannan shawara ce ta masana. Ba kowace hukuma ce ta mayar da ita doka ba, wasu ƙasashen suna da nasu adadin, don haka a tabbatar da na kasuwar da za a shiga.

Lura da cewa adadin na abin da ya shiga ciki ne, ba na abin da ke kilo ɗaya ba. Don ka sami iyakarka, raba adadin da nauyin abin da mutum ke ci a zama ɗaya, a kilo. A ce biskit ne, ana cin giram 50: miligiram 2 na madara a raba da 0.05, ya ba da miligiram 40 a kilo. A ce miyar gwangwani ce da ake shan giram 400: 2 a raba da 0.4, miligiram 5 kacal a kilo. Madara ɗaya, masana'anta ɗaya, amma iyakar ta bambanta ninki takwas. A nan ne ake yawan yaudarar kai. Sashen talla ya rubuta cewa biskit biyu ne ci ɗaya, alhali kowa ya san yaro yana gamawa da ledar. Yi lissafi da abin da ake ci da gaske, daga bayanan cin abinci na ƙasar in akwai.

Yanzu ɓangare na biyu, nawa ne ya tsallaka. A ce da aka kwance injin bayan tsabtacewa, an kankaro an auna giram 200 na tsohon ƙullu. Ƙullun kashi 10 cikin ɗari garin madara ne marar maiƙo, wato giram 20. Irin wannan gari kusan kashi 35 cikin ɗari furotin ne, ya zama giram 7, wato miligiram 7,000. Idan ya gauraye sosai cikin sabon zubi mai kilo 500, kowane kilo ya sami miligiram 14. Iyakarmu 40 ce, kenan muna ƙasa. Ƙara da abin da mai kawo koko ya ce yana iya zuwa cikin nasa, gwargwadon kason koko a haɗin, domin duk hanyoyin ake tarawa.

Kar ka yi saurin murna. Wannan lissafi ya ɗauka cewa ragowar ta bazu daidai cikin kilo 500. A injin kwaɓi mai juya komai lokaci ɗaya, haka ne. A layi mai gudana ba tsayawa, ragowar tana fita ne da kayan farko. Idan duk ta fito cikin kilo 50 na farko, miligiram 140 ke nan a kilo, ninki uku da rabi na iyaka, kuma wani ne zai sayi wannan ledar ta farko. Ba matsakaicin zubi yake ci ba. Maganin a nan sau da yawa mai sauƙi ne: ɗauki samfuri a minti na 1, na 3, na 5, na 10, ka ga inda adadin ya faɗi, ka mayar da zubar da wannan farkon doka a rubuce.

Duk wannan na abin da ke narkewa ko bazuwa ne, kamar gari, ruwa da man shafawa. Gutsattsari hukuncinsu daban. Gyaɗa kusan rubu'inta furotin ne, don haka ɓalli mai miligiram 10 kacal ya riga ya haura iyakar miligiram 2. Ƙwayar riɗi nauyinta kusan miligiram 3 ne, 'yan ƙwayoyi kaɗan sun isa. Ba ka raba ɓalli ɗaya da kilo 500, a baki ɗaya zai faɗa. Kuma gwajin samfuri ba ya kama shi sai da sa'a: ka gwada leda goma ka ga babu, yana cikin ta sha ɗaya. Idan gutsattsari na iya tsallakawa kuma ka kasa hana su, gargaɗi ya wajaba. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin raba gidan burodi da riɗi ya san abin da nake nufi, yana shiga ko'ina, har aljihun riga.

Mataki na 6: gwaji, da inda yake ruɗi

Gwaji yana tabbatar da lissafi ne, ba ya maye gurbinsa. ELISA, hanyar auna furotin a ɗakin gwaji, ita ce aka fi amfani da ita don samun adadi. Tsinken gwaji na nan take, mai fitar da layi kamar na gwajin ciki, ya dace da duba inji bayan wanki, amma yana da wani hali: idan furotin ya yi yawa ƙwarai yana iya nuna kamar babu. PCR tana neman ƙwayar halitta ne, don haka ba ta da amfani sosai ga madara da ƙwai, ba za ta bambance madara da naman sa ba, ko ƙwai da naman kaza. Gwajin ATP na tsabta ne gaba ɗaya, ba ya cewa komai kai tsaye game da aleji.

Abu uku za ka tambayi ɗakin gwaji. Na farko, da wane ma'auni suka ba da sakamako? Miligiram 10 na garin madara da miligiram 10 na furotin ɗin madara sun bambanta kusan ninki uku, kuma iyakarka da furotin aka lissafa ta. Na biyu, wane furotin kayan gwajin ke nema? Wanda ke neman kasin ba zai ga ruwan cuku yadda ya kamata ba. Na uku, sun gwada a kan irin kayanka? Gashi, suya da sinadaran cikin cakulan suna rage abin da gwaji ke iya cirowa, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Ba su samfurin da ka san yana da abin a ciki ka ga ko za su gano.

Kuskure na zuwa ta ɗaya ɓangaren ma. A 2015 an janye wani garin kumin a Birtaniya bisa zargin almon, daga baya bincike mai zurfi ya nuna mahalab ne, ɗan uwan almon a dangin itatuwa, wanda gwajin farko ya kasa bambancewa.

Mataki na 7: hukunci da kalmomin

Idan abin yana cikin haɗi da gangan, komai ƙanƙantarsa, cikin jerin kayan haɗi zai shiga da sunan da kowa ya sani, a Turai kuma a fito da shi da baƙaƙe masu kauri ko makamancin haka. Wannan ba ruwansa da wataƙila.

Idan tsallakawa yake yi, ka yi iya ƙoƙarinka, kuma lissafi ya nuna yana iya haura iyaka, rubuta gargaɗi. Idan yana ƙasa da iyaka a yanayi mafi muni, kar ka rubuta. Wannan na biyun shi ya fi wuya a shawo kan shugabanni su yarda, don suna ganin ƙarin gargaɗi ba ya cutar da kowa. Yana cutarwa. Mai aleji da ya ga gargaɗi a kan komai, ko dai abincinsa ya ƙuntata ba dalili, ko ya gaji ya daina karantawa, ran da ya haɗu da na gaskiya kuma ya ci. Hukumar abinci ta Amurka ta daɗe tana cewa irin wannan rubutu ba ya maye gurbin tsabtar aiki, kuma dole ya zama gaskiya. Japan ma ta hana rubutun "wataƙila akwai" ɗungurungum. Akwai wata dabarar da ta fi wannan muni: da riɗi ya shiga doka a Amurka a 2023, wasu gidajen burodi sai suka riƙa zuba ɗan garin riɗi da gangan don su rubuta shi a jeri su huta da wanki. Doka ba ta kama su ba, amma mutanen da aka yi dokar dominsu sun rasa burodin da suke ci a da.

Kalmomin su zama gajeru, iri ɗaya a duk kayanka, dab da jerin kayan haɗi. Ambaci abin da sunansa: in kashu ne a ce kashu, kar a ce "'ya'yan itatuwa" a bar mai alejin gyaɗa yana zato. Guji "ɗan ɓurɓushi" da "an yi shi a masana'antar da ke sarrafa kaza", domin masu saye suna ɗaukar su a matsayin haɗari mai sauƙi, alhali kalmomin ba sa nuna yawan abin da ke ciki. Kar kuma a haɗa "babu madara" da "wataƙila akwai madara" a leda ɗaya. "Babu" alkawari ne mai nauyi da ke bukatar tsari na musamman. "Babu gulutin" yana da nasa ma'aunin, miligiram 20 a kilo, don masu cutar siliyak, waɗanda gulutin ke yi wa hanjinsu lahani. Rubutun da ke cewa kaya na masu ƙin cin abin dabba ne kuwa bayanin haɗi ne kawai, bai ce madara ba ta tsallaka ba.

Mataki na 8: ledar da ta dace a kan kayan da ya dace

Wanda ya yi duk na sama ya bar wannan, ya kashe maciji bai sare kansa ba. Aleji da ba a bayyana ba yana cikin manyan dalilan janye abinci daga kasuwa a Amurka da Birtaniya da Ostareliya, kuma sau da yawa ba wanki ne ya gaza ba. Kaya ne aka zuba a ledar wani, ko an sauya haɗi ana ta amfani da tsohon lebul. Nauyin rubutun jikin kaya ya fito fili a Birtaniya bayan rasuwar Natasha Ednan-Laperouse a 2016, tana da shekara 15, sanadin riɗin da ke cikin burodin da ba a rubuta a ledarsa ba. Dokar da ake kira da sunanta ta fara aiki a 1 ga Oktoban 2021, ta tilasta cikakken jerin kayan haɗi a kan abincin da aka naɗe a wurin da ake sayar da shi.

A duk sauyin kaya a layi, a kwashe ledar baya gaba ɗaya, har naɗin da ke rataye a inji da rabin kwalin da ke ƙarƙashin tebur, kafin a shigo da sabuwa. Mutum biyu su duba ta farko su sa hannu, a manna ta a takardar zubin. A sake dubawa duk lokacin da aka ɗaura sabon naɗi, domin maɗaba'a ma takan haɗa iri biyu a kwali ɗaya. In akwai hali, na'urar karanta lambar jikin leda ta tsayar da layi da kanta idan ta ga baƙuwa. Kayan da suka yi kama da juna, mai gyaɗa da marar gyaɗa, a bambanta launin ledarsu yadda mai aikin dare da barci a idonsa ba zai ruɗe ba.

Ajiye komai a fayil ɗaya ga kowane kaya: jadawalin, amsoshin masu kawo kaya, sakamakon gwajin wanki, lissafin da lambobinsa, da sunan wanda ya yanke hukunci. A buɗe fayil ɗin duk lokacin da aka sauya mai kawo kaya, haɗi, inji, jerin aiki, girman leda ko ƙasar da ake kaiwa, da kuma duk ran da wani ya kira ya ce ya ci ya kumbura. Sashen saye kar ya karɓi madadin wani kaya, ko da na mako ɗaya ne, sai mai kula da aleji ya sa hannu. Ran da sabon lebul ya iso kuma, a ƙirga tsofaffin da suka rage a sito, a fitar da su, a yayyanka su a gaban shaida, a rubuta adadin.